Kifin da Ba Ya Ajiye Kitse

Tong Shulan 'yar masu kiwon kifi ce. A bakin tafkunan Honghu aka haife ta, kuma tun kafin ta iya rubuta sunanta ta iya farke cikin kifi da almakashi. Da mahaifinsu ya rasu, yayanta Baogen ya gaji tafkunan gidan guda biyu, ita kuma karatu ya yi gaba da ita har wata cibiyar bincike a Wuhan, inda take aiki a ƙarƙashin wani dattijo, Farfesa Kuang.

Aikin nata a kan rawayar tarwaɗa ne, kifin da kowa yake kiwo a yankinsu. Asalinsa mai cin nama ne, amma da garin kifi ya yi tsada sai masu haɗa abinci suka koma cika buhu da garin alkama da na rogo. Jikin kifin kuwa bai iya da sitaci ba. Sukari ya taru a jininsa kamar na mai ciwon sukari, insulin ya yi ta aikinsa jiki ya ƙi ji, ƙarshe komai ya koma kitse ya lulluɓe hanta. In ka farke shi sai ka ga hantar ta kumbura ta yi fari kamar awara. Da zafi ya tsananta, sai manomi ya wayi gari kifayensa sun juya ciki sama.

Shulan ce ta lura cewa cikin dubban kifayen da suke farkewa akwai 'yan tsiraru da hantarsu take nan jawur, ko me suka ci. Ta bi diddigi har ta gano wata ƙwayar gado da ta bambanta a jikinsu, wadda take sa jikin ya ji insulin da wuri, ya ƙone sukarin maimakon ya ajiye. Ta riƙa zaɓar masu ita tana haɗa su suna haihuwa, shekara bayan shekara, har ta samu zuriya guda da ba ta ajiye kitse. Farfesa Kuang, wanda yabo yake yi masa wuya, ya taɓa ɗaga wata hanta a kan tsinken ƙarfe ya ce, "Shulan, wannan ta fi tawa lafiya."

Wata Asabar cikin hunturu ta shigo ɗakin tankuna da safe ta ji wurin ya yi sanyi. Na'urar ɗumama ruwan layi guda ta lalace tun ranar da kowa ya tashi hutu. Ta tsoma hannu a ruwan, ta zare da sauri. A layin akwai tankunan kifin gama-gari, akwai kuma na zuriyarta. Na gama-garin sun lafe a ƙasa, ko motsin kirki ba sa yi, amma suna numfashi. Nata kuwa fiye da rabi sun mutu.

Ta daɗe a tsaye tana kallon tankunan. Ta san tambayar da ya kamata ta yi wa kanta, domin kifi ba ya cin abinci in ruwa ya yi sanyi, abin da ya ajiye a jiki shi yake ci. Amma a lokacin an kusa karɓar takardar bincikensu a wata mujallar kimiyya, kuma an sa sunanta a gaba. Ta ce wa kanta tankunan nata sun fi kusa da taga, wataƙila sanyin ya fi kama su. Ta kwashe matattun, ta wanke tankunan, ta kira mai gyara. Ranar Litinin ta ce wa Farfesa, "Malam, na'ura ta lalace a layi na uku, mun yi asarar wasu kifaye."

"Da yawa?"

"Akwai saura isassu."

Bai tambayi waɗanne ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da bazara ta je gida sharar kaburburan iyaye da ake yi duk shekara. Bayan sun dawo daga kabarin mahaifinsu suka zauna cin abinci, ita da mahaifiyarsu da Baogen da matarsa Guizhi. Baogen mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarar murya, kuma tunda ta fara aikin nan bai taɓa kiranta da sunanta ba.

"Likitar kifi, an ce kin fito a jarida? To mu yaushe za mu gani a ƙasa? Bara kifina hanta ta kashe su, ƙanwata kuma tana birni tana yi wa na gwamnati tausa."

"Kai dai bakinka ba ya hutawa," in ji mahaifiyarsu. "Bar yarinya ta ci abinci."

"Inna, yarinyar da ta doshi arba'in? Ni tambaya na yi. Duk ƙauyen nan ana tambayata me take yi, sai in ce tana auna sukarin tarwaɗa. Dariya suke min."

Shulan ta ji maganar ta soke ta, duk da cikin wasa ya yi ta. A daidai lokacin cibiyar tana neman manoman da za a gwada sabuwar zuriyar a tafkinsu. Ba ta yi niyyar faɗa ba, sai kawai ta ji bakinta yana cewa, "In kana so, Yaya, zan sa sunanka. Kifin da zai ci abinci mai araha hantarsa ba ta lalace ba."

Baogen ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. A karon farko ya dube ta ba da ido na tsokana ba. "Da gaske kike, Auta?"

Wannan kallon ya yi mata daɗi ƙwarai, har ta koma Wuhan tana tuna shi.

Aka kawo 'ya'yan kifin a mota, aka zuba a tafkunan biyu. Daminar nan ta yi wa Baogen kyau. Maƙwabta suna ta kwasar matattu da zafi ya yi zafi, nasa kuwa sai girma suke. Yakan kama guda a gaban mutane ya farke, ya ɗora hantar a tafin hannu yana zagawa da ita. "Ku duba! Aikin ƙanwata ne. Ku da kuke dariya, ina dariyar?" Yana turo mata hotuna a waya, wani lokacin har da muryarsa yana ihu. Guizhi ce mai ciyar da kifin safe da yamma, ita ce kuma mai lura da ruwa, domin Baogen yakan tafi aikin gini a garuruwan kusa in ya samu.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, Shulan ta fara rasa sukuni. Tana cikin aiki sai ta tuna sanyin ruwan nan a hannunta. Wata rana da rana tsaka ta fita bayan ofis ta kira shi.

"Yaya, me zai hana ka kwashe kifin nan yanzu ka sayar? Ai sun kai."

"Yanzu? Kowa yanzu yake sayarwa, kasuwa ta cika. Ni sai dab da Sabuwar Shekara, lokacin da kowane gida yake neman kifi a tebur. Ke dai ki tsaya kan hanta, ki bar min kasuwa." Ya yi dariya, sannan ya ce, "Ko akwai wata matsala ne?"

Ta ji iska tana kaɗa wayarsa, ta ji muryar Guizhi daga nesa tana kiran agwagi. Kalma ɗaya ce ta rage ta faɗa. Amma in ta faɗa masa, dole ta faɗa wa Farfesa, dole kuma a tambaye ta tun yaushe ta sani. Kuma ai ba tabbas take da shi ba. Tafki ba tanki ba ne, yana da zurfi, ƙasansa yana riƙe ɗumi.

"Babu komai," ta ce. "Ku dai tabbatar ruwan ya cika sosai kafin sanyi."

"An gama, ranki ya daɗe."

Sanyin shekarar ya zo da ƙarfi, irin wanda yake sa bakin tafki ya yi ƙanƙara. Baogen yana wajen aikin gini lokacin. Mahaifiyarsu ce ta kira Shulan, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ki zo gida. Kifin yayanki sun taso sama."

Ta hau mota ta iso da hantsi. Tun daga kan hanya ta hango tafkin farko ya yi fari da cikin kifi. Baogen ya riga ya dawo, yana cikin kwale-kwale da koma mai dogon hannu yana kwasa yana zubawa a kwanduna, bai ko ɗago ba. Mutanen ƙauye sun tsaya a kan gaɓa, hannuwa cikin aljihu, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Kafin ta kai ƙofar gida ta riga ta ji yadda labarin ya zauna: injin jan ruwa ya lalace makonnin baya, Guizhi ta ce a bari sai maigida ya dawo ya gyara, ruwan ya ragu da kamar tsawon hannu, sanyi ya zo ya same shi a haka.

A tsakar gida ta ji muryar Baogen ta biyo ta, ya shigo da kwando a kafaɗa. Ba ita yake yi wa magana ba.

"Abu ɗaya aka ce ki yi! Ɗaya! Auta da bakinta ta ce a cika ruwa. Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba?"

Guizhi tana durƙushe a gaban babban baho, tana farke waɗanda aka samu da sauran rai don a yi musu gishiri a shanya. Hannuwanta sun yi ja sun tsattsage.

"Ya isa haka, Baogen," in ji mahaifiyarsu, amma ita ma ba ta dubi surukar tata ba.

Shulan ta ajiye jakarta, ta ɗauki almakashi ta zauna a gefen bahon. Kifin farko da ta farke, hantar ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, babu ɗigon kitse a cikin cikinsa. Na biyu haka, na uku haka. Ta tambayi wani maƙwabci da ya leƙo yaya nasa tafkin, wanda ta san bai kai nasu zurfi ba ko da ruwansu ya ragu. Ya ce 'yan kaɗan ne suka mutu, ya ƙara da cewa shi dai ba ya barin mace da injin ruwa.

Da aka rage su biyu, Guizhi ta goge hannu a jikin zanen gabanta, ta shiga madafa ta fito da kwanon miyar saiwar bado mai zafi ta ajiye mata.

"Sha, kin sha hanya." Ta koma ta durƙusa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, ki yafe min. Na san shekarun da kika yi a kan kifin nan. Yanzu za a ce a wajen aikinki kifinki ba shi da kyau, alhali ni ce na kashe su. In akwai wanda zan je in yi wa bayani, ki kai ni, zan faɗa da bakina."

Shulan ta dubi miyar, tururi yana tashi. Matar nan ta shigo gidansu tun Shulan tana makarantar sakandare, ita ta riƙa ɗinka mata rigunan sanyi, ita ta yi jinyar mahaifinsu har ya cika. Ga ta yanzu tana neman gafara a wajenta.

Ranar ba ta ce komai ba. Ta taya su kwasa, ta taya su haƙa ramin da aka binne matattun da farar ƙasa. Washegari ma ta yi shiru. Ta ga yadda Baogen yake karɓar kwanon shinkafa daga hannun matarsa ba ya kallonta, ta ga Guizhi ta daina zama a tebur, sai ta ci nata a tsaye a madafa. Ta ji wata mata a shagon ƙauye tana cewa wai dama 'yan gidan su Guizhi duk haka suke, sakaci a jininsu yake. Shulan ta sayi gishirin da aka aike ta, ta fito kamar ba ta ji ba. A hanya ta tsaya a bakin tafkin da babu kowa, sannan ta wuce gida.

Da safe suna rataye kifin gishiri a kan gora a bayan gida, ita da Guizhi, sai ta ce, "Yaya Guizhi, ba ruwan ne ya kashe su ba."

Guizhi ta ci gaba da ɗaura igiya. "Kar ki lallashe ni."

"Ba lallashi ba ne. Ko tafkin ya cika ya batse da sun mutu. Kifin nan ba ya ajiye komai a jikinsa, in sanyi ya hana shi ci ba shi da abin da zai rayu a kai. Na taɓa ganin haka a wajen aiki, bara. Na gani da idona, na ɓoye."

Hannun Guizhi ya tsaya. Ta juyo a hankali. "Bara?"

"Bara."

"Kafin ki kawo mana su?"

"E."

"Da kika kira shi da kaka, kin sani?"

"Ina zargi. Ya tambaye ni, na ce babu komai."

Guizhi ta saki igiyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. "Shekaranjiya da na ba ki haƙuri fa? Kina zaune kina ji na."

Shulan ta sunkuyar da kai.

"To ni ba zan kai masa wannan maganar ba," in ji Guizhi. "In na faɗa zai ce na sa ki ne. Ke za ki faɗa, a gaban Inna." Ta ɗauki bahon da ya zama fanko ta wuce ciki.

Da aka zauna abincin rana Shulan ta faɗa, tun daga na'urar da ta lalace har kiran wayar. Mahaifiyarsu ta yi ta ƙoƙarin tare ta. "Ai ba da gangan ba ne. Wa ya san gobe? Ku ci abinci kar ya huce." Shulan ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Baogen ya saurara, kansa a ƙasa. Ta yi tsammanin zai daki tebur, har ma so take ya daka. Sai ya ce a hankali, "Na tambaye ki fa, Shulan."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"Ka tambaye ni, Yaya."

"Na zaga ƙauyen nan da hanta a hannu kamar mahaukaci." Ya miƙe, ya ɗauki rigar sanyinsa. A bakin madafa ya tsaya, inda Guizhi take tsaye da kwanonta. Ya ce, "Je ki zauna ki ci abincinki kamar mutane." Ya fita.

Kafin ta bar ƙauyen Shulan ta koma shagon nan, lokacin da mata suka fi taruwa, ta faɗi abin da ya kashe kifin da wanda ya jawo. Wasu suka yarda. Wasu suka ce kirki ne irin na 'yan boko, tana rufa wa matar yayanta asiri.

A Wuhan ta shiga ofishin Farfesa Kuang ta maimaita labarin karo na huɗu. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Kin san manoma nawa ne suke jiran kifin nan da bazara?"

"Na sani, Malam."

"Da kin faɗa min ranar Litinin ɗin nan, da mun yi gwajin sanyi a wata guda. Da ma ya zama wani babin a takardar. Abin da kika gani ba abin kunya ba ne, ilimi ne. Ɓoyewar ce..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki waya ya sa a dakatar da rabon 'ya'yan kifin, sannan ya ce ta rubuta gyara a aika wa mujallar, ta kuma rubuta wa hukumar cibiyar bayani da hannunta. Aka cire ta daga jagorancin aikin, aka ba wani. Aka bar mata gwajin sanyin, domin babu wanda ya san zuriyar kamar ita. Duk safiya takan sauke ɗumin ruwan kaɗan, ta zauna tana kallon kifayenta suna lafewa, tana rubuta lokacin da kowanne ya daina motsi.

Sabuwar Shekara ba ta je gida ba, ba kuma wanda ya ce ta zo sai mahaifiyarta. Da bazara Baogen ya tafi wani kamfanin gini a kudu. Takan kira shi, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Hukumar cibiyar ta amince ta ba gidan sababbin 'ya'yan kifi na gama-gari da abincin shekara, amma ba a samu mai karɓa ba, sai wata rana da rana Guizhi ta kira.

"An ce akwai takardar da za a sa wa hannu kafin a kawo kifin."

"Akwai. Yaya ne zai sa, tafkin da sunansa yake."

"Ya ce in sa. Ni zan yi kiwon bana. Tafki ɗaya kawai zan iya. Ki ce musu kar su kawo da rana tsaka, ruwa yana zafi."

"Zan faɗa musu. Yaya Guizhi, ko in biyo motar in taya ki zubawa?"

Shulan ta ji numfashinta a wayar, ta ji kukan agwagi a bayanta.

"Ba bana ba," in ji Guizhi. "Inna tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi."

Ta kashe wayar. Shulan ta ajiye tata, ta tashi ta je neman direban da zai kai kifin.